Kuɗin Fito da Sabbin Zuwa a Isra'ila: Wa Ake Yi wa Rangwame, Wa Yake Biya?

Duk wanda yake son ya san mutanen da wata gwamnati ta fi so, to ya leƙa dokokinta na kwastan, ya ga waɗanda aka ce su tsaya su biya da waɗanda aka ce su wuce da kayansu. A ƙasar Isra'ila amsar wannan tambaya a rubuce take ƙarara: Bayahuden da ya taso daga wata ƙasa ya zo da niyyar zama yana da haƙƙin shigo da kayan gidansa ba tare da ya biya kuɗin fito ba, yana sayen mota da ragin haraji, kuma har tsawon shekara 10 hukumar haraji ba ta taɓa abin da yake samu daga ƙasashen waje. Ra'ayina shi ne wani ɓangare na wannan sassauci daidai ne kuma kowace ƙasa mai hankali za ta yi shi, amma mafi yawansa an gina shi ne a kan ma'auni biyu da ba su dace da adalci ba, wato yawan abin da mutum ya mallaka da kuma asalin da ya fito.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Komawa, wadda majalisar dokoki ta Knesset ta zartar a shekarar 1950, ta ba kowane Bayahude a duniya damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. A 1970 aka faɗaɗa ta, ta haɗa da ɗa da jikan Bayahude da kuma matan aurensu ko mazajensu. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa ana ba shi takardar shaidar sabon zuwa, kuma wannan takarda ce mabuɗin komai. Da ita ake biya masa kuɗin jirgi na zuwa, da ita yake karɓar tallafin kuɗi wanda ake fara ba shi tun daga saukarsa, a ci gaba da biya wata-wata na kimanin rabin shekara, da ita yake shiga ajin koyon Ibrananci kyauta. Ta fuskar kwastan kuwa, an ba shi damar shigo da kaya har sau uku a cikin shekara uku na farko, kayan ɗaki da tufafi da littattafai da na'urorin gida irin su firji da injin wanki da murhu, bisa ƙa'idar da aka gindaya ta yawan kowane iri, ba kuɗin fito, ba harajin saye, ba harajin VAT, wanda tun farkon 2025 ya koma kashi 18 cikin 100. Idan yana da sana'a, yana iya shigo da injuna da kayan aikin kafa ta har na dala 36,000. Sharaɗin shi ne kayan na amfanin kansa ne, ba zai sayar ko ya bayar ba sai an yi shekaru, idan kuwa ya yi gaggawa to sai ya biya harajin da aka yafe masa.

Batun mota shi ne ya fi jan hankalin mutanen ƙasar, domin Isra'ila tana cikin ƙasashen da mota ta fi tsada saboda haraji. Harajin saye a kan motar gida ya kai kashi 83 cikin 100 na ƙimarta kafin a cire ɗan ragin da ake yi wa motocin da ba sa gurɓata iska sosai, amma sabon zuwa kashi 50 ake lissafa masa, muddin ya saya a cikin shekara ukun nan kuma ya riƙe ta shekara huɗu bai sayar ba.

Ba ni da ja a kan kayan gida. Mutumin da ya kwashe iyalinsa daga Faransa ko Ajantina bai zo kasuwanci da gadonsa da tukwanensa ba, ya riga ya biya haraji a kansu a inda ya saya, kuma a sake cajinsa a tashar jiragen ruwa ta Haifa ko Ashdod zalunci ne kawai. Ƙasashe da yawa suna yin irin wannan sassauci ga duk wanda ya sauya mazauni, ko ɗan ƙasa ne da ya dawo ko baƙo ne da ya samu izinin zama, ba a tambayar addinin kakarsa. Ko kayan sana'a ma ina ganin hikimarsa, domin kafintan da ya iso da injinsa ya fi saurin tsayawa da ƙafafunsa fiye da wanda zai jira tallafi. Da a nan abin ya tsaya, da babu dalilin wannan rubutu.

Matsala ta farko ita ce duk rangwamen da aka ɗaura shi a kan kaya, mai kaya ne yake cin moriyarsa. Wanda ya cika kwantena mai tsawon ƙafa 40 daga New York an yafe masa kuɗi mai yawa, wanda ya zo da akwati ɗaya an yafe masa abin da bai taka kara ya karya ba, wanda kuma ya zo hannu rabbana ba a yafe masa komai ba, ko da yake a takarda su ukun haƙƙinsu ɗaya ne. Tarihin ƙaura zuwa ƙasar kuwa cike yake da mutanen rukuni na biyu da na uku. Tsakanin 1948 da 1951 mutane kusan 700,000 suka shigo, yawan Yahudawan ƙasar ya ninka. Cikinsu akwai kimanin 49,000 da aka kwaso daga Yaman ta jiragen sama, da kimanin 120,000 daga Iraƙi waɗanda aka ƙayyade musu nauyin kayan da za su fita da shi da 'yan dinarin da za su riƙe, sannan a watan Maris na 1951 gwamnatin Bagadaza ta rufe dukiyoyinsu baki ɗaya. Waɗannan mutane a tantuna da rumfunan kwano aka sauke su, a lokacin da abinci ma da kati ake raba shi. Haka Yahudawan Habasha, waɗanda dubbansu suka taka da ƙafa zuwa sansanonin gabashin Sudan, wajen Gadarif, da yawa suka mutu a hanya kafin a kwashe sauran a ƙarshen 1984, sannan a watan Mayu na 1991 aka ɗauko fiye da 14,000 daga Addis Ababa a cikin awa 36. An cire kujerun wasu jiragen don a samu wurin mutane, balle a yi zancen kaya. Me haƙƙin shigo da firji ba haraji zai amfana wa wanda bai taɓa zama a gidan da ke da lantarki ba?

Wannan ƙorafi ba daga waje aka kawo shi ba, a cikin gida aka fara yin sa. A farkon shekarun 1970, lokacin da Yahudawan Tarayyar Sobiyet suka fara samun izinin fita, gwamnati ta tarbe su da gidaje masu kyau da motoci masu ragin haraji, alhali 'ya'yan waɗanda suka zo daga Maroko da Iraƙi shekara ashirin kafin nan suna cunkushe a unguwannin talakawa. A unguwar Musrara ta Birnin Ƙudus ne wasu samari, cikinsu har da Charlie Biton da Saadia Marciano, suka kafa ƙungiyar Black Panthers, wadda suka ara wa suna daga 'yan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, suka cika tituna da zanga-zanga a 1971. Kalmomin da suka yi ta yawo a bakin jama'a a wancan lokaci su ne "gida da Volvo", wato gida da mota ƙirar Volvo, abin da ake ganin sabon zuwa yana samu tun kafin ya iya gaisuwa da harshen ƙasar. Firaminista Golda Meir ta gana da samarin, abin da ya fi shahara daga bakinta bayan nan shi ne cewa ba yaran kirki ba ne. Ko da kirki ko babu, lissafinsu daidai yake: harajin da aka yafe wa wani ba ɓacewa yake yi ba, wani ne yake cike gurbinsa, kuma mai cikewar sau da yawa shi ne direban da ya sayi motarsa da cikakken haraji.

Sai dai duk abin da ake yafewa a bakin teku ƙarami ne idan aka kwatanta shi da abin da aka yafe a 2008, sa'ad da aka yi wa dokar harajin kuɗin shiga gyara na 168, wanda ya shafi duk wanda ya zo daga farkon 2007. Gyaran ya ce sabon zuwa, da ɗan ƙasar da ya dawo bayan shekara 10 ko fiye a waje, ba zai biya haraji a kan kuɗin haya da ribar hannun jari da kuɗin ruwa da duk wani abin da yake samu daga ƙetare ba har shekara 10. Abin da ya fi ban mamaki shi ne an ma ɗauke masa nauyin sanar da hukuma cewa yana da wannan dukiya. Malamar makarantar da ta gudo daga yaƙin Yukren a 2022, shekarar da mutane fiye da 70,000 suka shigo galibi daga Rasha da Yukren, ba ta da kamfani a Cyprus da za ta ɓoye. Attajiri irin Roman Abramovich na Rasha, wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 2018, shi ne irin mutumin da wannan doka take da ma'ana a gare shi.

Ba banza ba ne mutanen ƙasar suka raɗa wa wannan gyara sunan Arnon Milchan, attajirin mai shirya finafinai a Hollywood, wanda haifaffen ƙasar ne da ya daɗe a waje. A cikin tuhumar da aka shigar a kan Benjamin Netanyahu, wadda aka fara sauraronta a kotu a 2020, masu gabatar da ƙara sun ce ya karɓi kyautar sigari mai tsada da giya na ɗaruruwan dubban shekel, kuɗin Isra'ila, daga Milchan, kuma ya yi wa ministan kuɗi na lokacin, Yair Lapid, maganar a tsawaita wa'adin yafewar fiye da shekara 10, abin da zai amfani Milchan. Netanyahu ya musanta aikata laifi, kuma ba a tsawaita wa'adin ba, hukunci kuma na kotu ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda doka da aka kawo da sunan tarbar wanda ba shi da mafaka ta zama abin da ake ciniki a kansa tsakanin masu mulki da masu kuɗi.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce tambayar wanda ya cancanci a kira shi mai dawowa. Kimanin Falasɗinawa 700,000 ne suka gudu ko aka kore su daga garuruwansu a yaƙin 1948. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 194 a watan Disamba na shekarar, yana cewa a bar masu son komawa gidajensu su koma, a biya diyya ga waɗanda ba su so. A shekarar da aka yi Dokar Komawa, wato 1950, a ita ce kuma aka yi Dokar Dukiyar Waɗanda Ba Sa Nan, wadda ta miƙa gidajensu da gonakinsu ga wani jami'in gwamnati. Saboda haka jikan mutumin da aka haifa a Haifa, wanda yake zaune a sansanin 'yan gudun hijira a Labanon, ba shi da izinin taka tashar da kakansa ya yi dako a cikinta, amma wanda kakansa ɗaya Bayahude ne a Moscow ko Chicago yana da damar sauke kwantena uku a wannan tasha ba tare da ya biya ko shekel ɗaya ba.

Ko Larabawan da suke 'yan ƙasa, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, suna biyan harajin da ake gudanar da wannan tsari da shi, amma babu ɗan'uwansu da zai taɓa shiga cikinsa. Idan Balarabe ɗan Nazarat ya yi karatu a Jamus ya dawo, yana iya samun ɗan sassaucin da ake yi wa kowane ɗan ƙasa mai dawowa, wannan gaskiya ne kuma ya kamata a faɗa. Amma idan ya auri mace daga Jenin ko Gaza, dokar da aka yi a 2003, wadda aka yi ta sabuntawa kuma aka sake zartarwa a 2022, ta hana matar samun zama na dindindin a gidan mijinta. Ga Falasɗinawan Gabashin Ƙudus abin ya fi muni, domin daɗewa a waje tana iya jawo a soke musu izinin zama a garin da aka haife su, kuma an soke na mutane fiye da 14,000 tun 1967. Tafiyar da take sa a tarbi wani da rangwame ita ce take sa wani ya rasa gidansa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika haɗa shi da wannan zance ba, alhali a ofis ɗaya ake yin su. Bisa yarjejeniyar tattalin arziki da aka sa wa hannu a Paris a watan Afrilu na 1994, Falasɗinawa ba su da kwastan na kansu a kan iyaka. Duk kayan da ɗan kasuwar Hebron ko Nablus ya yi oda ta Ashdod ko Haifa suke biyowa, jami'an Isra'ila ne suke karɓar kuɗin fito da VAT, su cire kashi 3 cikin 100 na ladan aiki, su tura sauran ga Hukumar Falasɗinawa. Wannan kuɗi shi ne kusan kashi biyu cikin uku na abin da hukumar take samu, da shi take biyan malamai da ma'aikatan asibiti. Tun 2019 Isra'ila take zaftare wani kaso da hujjar kuɗin da ake ba iyalan fursunoni, bayan Oktoban 2023 kuma ministan kuɗi Bezalel Smotrich ya ƙara riƙe wasu, har ma'aikata suka koma karɓar rabin albashi ko abin da ya ɗan ɗara. Wato kwantenoni biyu suna iya sauka daga jirgi ɗaya, ɗaya ta wuce kyauta zuwa Efrat, matsugunin da ke kudu da Baitalami wanda sabbin zuwa daga Amurka suka yi yawa a cikinsa, ɗaya kuma a karɓi harajinta a riƙe. Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana a watan Yuli na 2024 cewa waɗannan matsugunai sun saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, amma takardar sabon zuwa tana aiki a cikinsu kamar yadda take aiki a Tel Aviv.

Masu kare tsarin suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji su ba. Suna tuna taron Evian na 1938, inda ƙasashe 32 suka zauna suka tashi ba tare da sun buɗe wa Yahudawan Jamus ƙofa ba, da jirgin ruwan St. Louis da aka mayar Turai a 1939 da fasinjoji fiye da 900, da mutane miliyan shida da aka hallaka bayan nan. Al'ummar da ta ga haka ba za a zarge ta ba idan ta ce tana son wuri ɗaya da ba za a taɓa rufe mata ƙofa ba. Suna kuma cewa ba su kaɗai suke fifita zuriya ba, Jamus ta karɓi Jamusawan asali daga Gabashin Turai, Ireland tana ba jikoki fasfo, Ghana ma tun 2000 tana da dokar da ta ba zuriyar bayin da aka kwashe damar zama. Sannan suna nuna kusan mutum miliyan ɗaya da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet tun daga 1989, cikinsu likitoci da injiniyoyi masu yawa, waɗanda suka taimaka wajen ɗaga masana'antun fasaha na ƙasar, suna cewa abin da aka kashe musu ya dawo ninki.

Na yarda da tarihin, amma ban ga yadda ya kai ga sakamakon ba. Hujjar mafaka tana halatta buɗe ƙofa da ba da abinci da ɗaki da aji, ba ta halatta ragin harajin motar alfarma ko ɓoye asusun banki na shekara 10 ba. Injiniyoyin da suka zo a 1990 ba da kwantena suka zo ba, da yawansu shara da gadi suka fara yi kafin a amince da takardunsu, kuma an yi gyara na 168 ne shekaru da yawa bayan isowarsu, don haka ba za a jingina nasararsu a kansa ba. Kwatancen Ireland da Ghana kuwa yana da giɓi babba, domin a can babu wata al'umma da aka fitar daga gidajenta a zamanin da mutane suke iya tunawa, take tsaye a bakin iyaka da takardun filayenta ana hana ta shiga. Fifita zuriya abu ɗaya ne, fifita ta a kan mai gidan da yake raye wani abu ne dabam.

Da za a gyara, hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. A bar yafewar kayan gida da na sana'a, amma ta zama ta duk wanda ya samu izinin zama, har da matar Balaraben Nazarat da ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da ta shekara goma tana kula da tsofaffin ƙasar. A soke ragin mota, a mayar da kuɗinsa cikin tallafin da ake aunawa da buƙatar iyali, ta yadda wanda ya zo daga Gondar ta Habasha zai fi wanda ya zo daga London samu. Hutun haraji na shekara 10 kuma a rage shi ko a sa masa iyaka, kamar yadda Portugal ta rufe irin nata tsarin ga sabbin masu nema a 2024, Birtaniya ma ta soke nata a watan Afrilu na 2025, bayan sun ga cewa ɗan ƙasa mai albashi ba zai daɗe yana haƙurin ganin maƙwabcinsa attajiri ba ya biya ba.

Abu ɗaya ya riga ya canja, kuma yadda ya canja abin lura ne. A watan Afrilu na 2024 Knesset ta soke damar ƙin sanar da dukiyar waje ga duk wanda zai zo daga ranar 1 ga Janairun 2026, ko da yake yafewar harajin kanta tana nan. Ba koken talakawan Musrara ne ya kawo wannan ba, ba kuma na malaman Falasɗinawa na Ramallah ba. Matsin lamba ne daga dandalin ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe, mai sa ido kan musayar bayanan haraji, da tsoron kada a saka ƙasar a jerin wuraren ɓoye kuɗi, abin da zai taɓa bankunanta da kamfanoninta. Yarjejeniyar Paris kuwa, wadda aka tsara ta domin zaman wucin gadi na shekara biyar, ta haura shekara 30 tana aiki, kuma har yanzu sa hannun ministan kuɗin Isra'ila ake jira kafin malamin firamare a Hebron ya san nawa zai karɓa a ƙarshen wata.